Yadda Mai Koyon Kiɗa Zai Yi Bita Har Hannunsa Ya Faɗa

Matasa da dama a cikin garin Sakkwato suna da sha'awar koyon kiɗa, wasu na gargajiya irin su kalangu da gurmi da goge, wasu kuma na zamani irin su gita da fiyano, musamman yanzu da ɗakunan ɗaukar waƙa suka yawaita a unguwanni. Abin da aka fi gani shi ne mutum ya tara kuɗi ya sayi abin kiɗan, ya kama shi da zafi har maƙwabta su fara ƙorafi, bayan wata biyu ko uku kuma ya rataye shi a bango ya ce shi ba shi da baiwa, ko ya ce abin na 'yan gado ne. A ganina, sau da yawa baiwar tana nan, yadda ake yin bitar ne ba daidai ba. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya zauna yana buga abin da ya ga dama don jin daɗi, da wanda ya zauna da niyyar gyara wani abu guda da ya san bai iya ba tukuna. Na farko zai iya shekara yana nan inda yake, na biyu kuwa kowane mako akwai abin da zai ƙaru da shi.

Yana da kyau a fara da duba yadda gidajen makaɗa na ƙasar Sakkwato da Zamfara suka riƙa horar da 'ya'yansu, domin abin da ake kira gado, idan aka tona shi, tsarin koyarwa ne mai tsawo. Yaron da ya tashi a gidan kiɗa ba a miƙa masa babbar ganga ranar farko. Yana farawa da ɗaukar kaya idan za a fita, yana zaune a gefe ana gwaji, kunnensa na cika da kiɗan tun bai san abin da ake yi ba. Daga nan a sa shi cikin 'yan amshi ya riƙa karɓar gindin waƙa, sannan a ba shi ƙaramar ganga wadda aikinta shi ne riƙe bugu guda ɗaya tak daga farkon waƙa har ƙarshenta, kuma idan ya kauce, harara ɗaya daga maigida ta isa ta mayar da shi kan hanya. Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ta nan ya biyo: ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya kuma yi a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar ta kotso. Abin da ɗan gado ya samu a gida shi ne saurare mai yawa kafin ya taɓa ganga, da ɗan abu kaɗan da yake ta maimaitawa, da kunnen gwani a kusa da shi. Ɗan haye shi zai nema wa kansa waɗannan da gangan, kuma suna samuwa.

Sauraren da ake nufi ba irin wanda ake yi ana hira ko ana tuƙa babur ba ne. Mai koyo ya zaɓi kiɗa guda ɗaya da yake so ya iya, ya zauna da shi kwanaki. Tsofaffin waƙoƙin fada na su Narambaɗa da Jankiɗi da kiɗan dambe na Ɗan Anace suna nan a wayoyin mutane da wurin masu tura waƙa a kasuwa, saboda haka samun abin saurare ba wuya. A kowane zagaye ya kafa kunnensa a kan abu ɗaya. Yau ya bi ƙaramar gangar da ke riƙe da bugun ƙasa, ya yi kamar sauran ba sa nan. Gobe ya bi babbar, ya lura da inda take magana da inda take yin shiru don ta ba mawaƙi fili. Jibi ya lura da daidai wurin da 'yan amshi ke shigowa. Idan ya iya tafa hannu tare da kiɗan daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɓace ba, to ya kai matakin da ya fi kowane muhimmanci, wato faɗin kiɗan da baki.

Abin da baki bai iya faɗa ba, hannu ba zai iya bugawa ba. Wannan gaskiya ce a kan kowane abin kiɗa, amma a kalangu ta fi fitowa fili, domin kalangu magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai tana sama ko tana ƙasa ko tana faɗowa daga sama zuwa ƙasa, kuma gaɓoɓin wasu dogaye ne wasu gajeru. Kalangu yana da fata a bakinsa biyu, da tsirkiyoyi da suka haɗa su. Idan makaɗi ya matse tsirkiyoyin a hammatarsa fatar takan ɗame muryar ta hau, idan ya sassauta ta sauka. Da wannan hawa da sauka ne ake yin take da kirari har mai shi ya ji an kira shi daga nesa.

Saboda haka bitar farko ta mai koyon kalangu ita ce fitar da murya biyu tsabtatattu, ta sama da ta ƙasa, yadda duk lokacin da ya matsa zai sami ta sama iri ɗaya, duk lokacin da ya saki zai sami ta ƙasa iri ɗaya. Wannan kaɗai yana iya cin mako guda, kuma bai kamata a raina shi ba. Bayan haka sai a ɗauko kalmomi gajeru. Ka ce "Kano" a hankali ka saurari bakinka: gaɓar farko tana sama, ta biyu tana ƙasa, don haka matsa ka buga, saki ka buga. Ka ce "sannu": ta farko ƙasa, ta biyu sama, wato ka buga a sake sannan ka matsa. Ka ce "Katsina": ƙasa, sama, ƙasa. Ka faɗa da baki, ka buga, ka sake faɗa, ka sake bugawa, har muryar gangar ta kwanta a kan muryarka. Daga nan ka koma kan sunayen mutanen gidanku da gaisuwa da gajerun karin magana. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya ƙarya: ka sa ƙanenka ya tsaya a bayan ƙofa, ka gaya masa kalmomi uku da za ka zaɓa daga ciki, ka buga ɗaya. Idan ya gane wadda ka buga, gangarka ta fara magana. Idan bai gane ba, kada ka ɗora masa laifi, ka koma kan murya biyun nan na farko.

A nan ne kuma ya kamata a gyara riƙo tun bai zama ɗabi'a ba. Makaɗin kalangu, wato ɗan lanƙwasasshen icen nan da ake bugu da shi, ba a damƙe shi kamar ƙotar gatari. Ana riƙe shi sakwa-sakwa, bugun yana fitowa daga wuyan hannu, kan makaɗin ya taɓa fata ya dawo da kansa. Wanda ke bugu da dukan damtsensa zai gaji da wuri, muryar gangarsa ta riƙa fita a dakushe, kuma yana iya fasa fatar.

Babbar cutar masu koyo ita ce gaggawa. Kowa yana so ya buga da saurin da ya ji gwani ya buga, alhali hannu ba ya bambanta daidai da kuskure, duk abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Wanda ya buga wuri ɗaya sau ashirin da sauri, goma sha biyar daga ciki da kuskure, kuskuren ya koya wa hannunsa, kuma cire shi daga baya ya fi koyon sabon abu wuya. Dabarar ita ce a sauko da saurin har zuwa inda za a iya bugawa ba tuntuɓe, ko da kuwa jinkirin ya kai yadda mai wucewa ba zai gane kiɗan ba. Idan aka yi sau biyar a jere ba kuskure, sai a ƙara saurin kaɗan. Idan aka yi kuskure a na huɗu, a koma ƙirga daga ɗaya. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin ƙas-ƙas a kan lokaci daidai, ana saita su da yawan bugu a minti ɗaya. Idan aka sa 60, bugu ɗaya ke nan a kowace daƙiƙa, kuma wuri ne mai kyau na farawa, a riƙa ƙara huɗu ko biyar. Wanda ba shi da irin wannan waya yana iya amfani da ƙafarsa, ya riƙa takawa daidai yana bugawa. Abin da ake nema shi ne irin daidaiton da ake ji idan mata uku suna lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana sauka a lokacinta, ba mai riga wata, ba mai jiran wata. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a harkar kiɗa saurin da ya zauna daram daga jinkirin nan yake fitowa.

Kuskure na biyu da ya yi kusa da wannan shi ne komawa farko duk lokacin da aka yi tuntuɓe. Mai yin haka farkon kiɗansa zai yi kyau ƙwarai, domin ya buga shi sau ɗari, amma wurin da ke ba shi wuya yana nan yadda yake, tun da kullum da ya iso nan yake tsayawa. Abin da ya dace shi ne a yanko wurin mai wuya shi kaɗai, ko da bugu huɗu ne, a yi ta aiki a kansa a hankali. Idan ya zauna, a haɗa shi da ɗan abin da ya gabace shi, sannan da ɗan abin da ya biyo bayansa, domin sau da yawa a mahaɗar ne hannu ke rikicewa. Irin wannan bita ba ta da daɗin ji, kuma tana gajiyar da ƙwaƙwalwa fiye da buga abin da aka riga aka iya, amma ita ce ke kawo ci gaba. A 1993 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Anders Ericsson da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban goge irin na Turawa a wata makarantar kiɗa da ke Berlin ta ƙasar Jamus. Sun gano cewa kafin su cika shekara 18, waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kimanin awa 7,400 na bitar da mutum ke yi shi kaɗai, masu bi musu kimanin 5,300, rukuni na uku kuma kimanin 3,400. Mutane sun fi riƙe yawan awannin, amma abin da masu binciken suka fi jaddadawa shi ne irin bitar: wadda aka tsara don gyara rauni, ana yin ta da cikakken hankali, ana hutawa a tsakani.

Wannan ya kawo mu ga maganar lokaci. Minti 20 ko 30 kowace rana sun fi awa huɗu a ranar Lahadi kaɗai amfani, domin abin da hannu ya koya yana ƙara zama ne a tsakanin bita da bita, musamman bayan an yi barci. Shi ya sa mutum zai kwanta wani sashe na kiɗan yana ba shi wuya, ya wayi gari ya ga ya ɗan yi sauƙi. Wanda ke da hali ya raba bitarsa biyu, ɗaya da hantsi ɗaya bayan la'asar. A Sakkwato ma yanayi ya tilasta haka, tun da daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma ba hankalin da zai tsaya wuri ɗaya a ɗaki da tsakar rana. Zama ɗaya yana iya kasancewa haka: a fara da 'yan mintuna na sassauta hannu da muryoyin farko, a ba wurin mai wuya kaso mafi tsoka tun hankali bai gaji ba, a sake bi ta kan wani abu da aka koya makon jiya don kada ya zube, sannan a rufe da abin da rai ke so. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin shi ke sa mutum ya dawo gobe.

Dole ne kuma a kiyaye haƙƙin jama'a. Ba a bita idan an kira salla, ba a yi kusa da masallaci ko makaranta, ba a yi da dare lokacin da mutane ke barci, ba a yi idan akwai rashin lafiya ko zaman makoki a maƙwabta. Wannan ba zai rage wa mai koyo komai ba, domin kaso mai yawa na bita ana iya yin sa ba ƙara. Ana iya shimfiɗa tsumma a kan fatar ganga, ana iya bugawa a kan matashi ko a cinya, mai fiyano yana iya sa abin ji a kunne, faɗin kiɗa da baki kuwa ko a kan hanyar kasuwa ana yin sa. Idan ana son a saki hannu sosai sai a fita bayan gari ko a nufi bakin gulbi. Mai koyon da ya riƙe wannan ladabi shi ne iyayensa da dattawan unguwa za su bari ya ci gaba.

Abin kiɗan da ba a saita ba yana lalata kunnen mai shi, saboda haka kowace bita da dubawa take farawa. Fata tana bin yanayi: da hunturu takan bushe ta ɗame har ta yi saurin tsagewa, da damina takan sha laima ta saki muryarta ta mutu, sai an ɗan shanya ta a rana kafin ta dawo. Kada a bar ganga ko goge cikin mota a rana, kada kuma a ajiye su a ƙasa inda ɓera da gara za su kai gare su. Mai goge ya tabbata ya goga ƙaro a jikin izga, wato abin da ake jan tsirkiya da shi, in ba haka ba za ta riƙa zamewa a kan tsirkiya. Mai gita ya saita tsirkiyoyinsa shida kafin ya taɓa komai, da farko da taimakon manhajar waya, daga baya ya riƙa gwadawa da kunnensa sannan ya duba wayar ya ga ko ya dace.

Kowane abin kiɗa yana da nasa wurin da ya fi cin lokaci. Goge da kukuma tsirkiya ɗaya gare su, kuma babu alamar da ke nuna wa yatsa inda zai sauka, kunne ne kaɗai jagora. Mai koyonsu ya daɗe yana jan izga a kan tsirkiya ba tare da ya ɗora yatsa ba, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har muryar ta riƙa fita sumul ba ƙara ba rawa, kafin ya fara ɗora yatsu ɗaya bayan ɗaya yana rera muryar da bakinsa kafin ya neme ta. Mai gurmi da mai gita za su sha zafin kan yatsu a makonnin farko kafin kanta ta fito, kuma gajeren zama mai yawa ya fi saurin kawo ta. Mai algaita aikinsa numfashi ne, yadda zai tara iska a kumatu ya riƙa tura ta yana shaƙar wata ta hanci ba tare da busar ta yanke ba. Ana koyon wannan da bututun shan lemo da kofin ruwa: a riƙa hurawa ana ƙoƙarin kada kumfar ta tsaya ko lokacin da ake shaƙa.

Masu fiyano suna da nasu tarkon, kuma ina ganin ya kama matasa da yawa. Na'urar tana da kiɗan da take bugawa da kanta, tana kuma da maɓallin da ke ɗaga murya ko sauke ta, saboda haka mutum zai iya fara karɓar aiki alhali yatsu biyu kawai yake amfani da su. A lokacin bita a kashe waɗannan duka. A koyi hawa da sauka a kan fararen maɓallai da yatsu biyar, misali wajen hawa da hannun dama: babban yatsa, manuni, na tsakiya, sai babban yatsa ya zagayo ta ƙarƙashi ya ci gaba har a ƙare da ƙarami. A yi hannun dama shi kaɗai, a yi na hagu shi kaɗai, sannan a haɗa su a hankali. Da yawa daga cikin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan muryoyi biyar suke tafiya, baƙaƙen maɓallan fiyano kuwa muryoyi biyar ne ke maimaita kansu, don haka laluben waƙar da aka sani a kansu hanya ce mai kyau ta horar da kunne.

Mutum ba ya jin kansa sosai lokacin da yake bugu, domin hankalinsa yana kan hannu. A riƙa ɗaukar bitar a waya sau ɗaya a mako, a saurara bayan an huta. Nan ne za a ji inda aka yi sauri ba a sani ba, da inda muryar sama ba ta kai ba. A ajiye tsofaffin, domin ranar da zuciya ta karaya aka ga kamar ba a motsi, sauraren na wata biyu da suka wuce yakan nuna nisan da aka yi.

Duk da haka waya ba ta maye gurbin gwani. A kusan kowace unguwa da ƙauyukan kewaye akwai dattijon da ya yi shekaru yana kiɗan biki ko na dambe ko na noma, kuma mafi yawansu suna jin daɗin ganin yaro mai son sana'ar. A je masa da ladabi, a gaishe shi, a riƙa masa ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, kada a je hannu rabbana ana neman ya juye ilimin shekara arba'in a zama ɗaya. Abin da ya fi shi ne a je da ɗan abin da aka riga aka yi aiki a kansa a ce, "Baba, ga abin da nake ta fama da shi, a duba mini inda na kauce." Idan ya ce, "Yaro, hannunka ya yi nauyi, sassauta," to an sami aikin mako guda. A riƙe gyara ɗaya, a rubuta shi a ɗan littafi, kada a koma sai an yi shi. Idan ya ba da izini a ɗauki hannunsa a waya yana bugawa a hankali, idan bai ba da ba a haƙura a buɗe ido.

Gajiyar hannu daban, ciwo daban. Idan wuyan hannu ko kafaɗa suka fara zugi, ko yatsu suka riƙa mutuwa, a dakata a duba riƙo, idan abin ya ƙi tafiya a je asibiti. Haka nan idan kunne ya riƙa ƙugi bayan bita, alama ce ƙarar ta yi yawa, sai a bar ƙuntataccen ɗaki a koma fili ko a toshe kunne.

Akwai abin da ba a koyon sa sai da mutane. A bitar kaɗaici ana tsayawa a gyara kuskure, amma a fagen biki ba a tsayawa, wanda ya yi tuntuɓe sai ya kama bugu na gaba ya wuce. Saboda haka da zarar hannu ya fara zama, a nemi aboki ko biyu a riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako. Ɗaya ya riƙe bugun ƙasa ba canji, ɗaya ya yi magana a kansa, bayan ɗan lokaci a yi musaya. Riƙe bugun ƙasa na minti goma ba tare da an ƙara sauri ko an biye wa salon abokin ba ya fi wuya fiye da yadda ake zato, kuma shi ne abin da shugaban ƙungiya ke fara dubawa kafin ya yarda ya fita da yaro. Fitar farko ta kasance ƙarama, kamar suna ko wani taron dangi, a karɓi ƙaramar ganga a tsaya a bayan wanda ya iya. Idan aka dawo gida, tun kafin a manta, a rubuta wuri biyu ko uku da hannu ya yi rawa a gaban jama'a, su ne za a fara da su a bitar gobe da hantsi.